An ƙwace mana zaure a IRC: ko haɗa bot goma zai hana a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu wasu masu rubuta manhaja ne, muna da zauren hira a IRC, tsohon tsarin hira ta rubutu a intanet, a kan cibiyar EFnet, wanda muka gada daga yayyenmu, sannan muna da rukuni a Telegram. A watan jiya mun wayi gari an ƙwace zauren: an sauke duk masu op ɗinmu, wato masu ikon zauren, an kore mu, an sa makulli. Eggdrop ɗaya muke da shi, wato bot, manhajar da ke zama a zaure tana tsaronsa, kuma a daren ba ya kan layi. Wani abokinmu ya ce zai samo mana gurabe kyauta a kwamfutoci goma, mu haɗa bot goma su zama botnet. Shin wannan ba aikin 'yan damfara ba ne? In babu laifi, ta yaya za mu haɗa shi yadda ba za a sake shigo mana ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannunku da wannan abu, Allah ya kiyaye gaba. Wanda bai taɓa raya zaure na shekaru ba zai ɗauka wasa ne, alhali kuwa jama'a ce da zumunci aka raba ku da su dare ɗaya.

Bari in fara sauke maka nauyin da ke zuciyarka. Haɗa bot-bot ɗinka su riƙa magana da juna ba laifi ba ne, kuma ba wajen 'yan damfara aka koyo shi ba, su ne ma suka zo daga baya suka ari tsarin. A farkon shekarun 2000 ne manhajojin ɓarna irin su Sdbot da Agobot suka riƙa kutsawa kwamfutocin jama'a ba da saninsu ba, su tara su a wani ɓoyayyen zauren IRC suna jiran umarnin ubangidansu. Abin da ya raba naka da nasu izini ne. Kwamfutar da bot ɗinka ke zaune a kai taka ce, ko hayarta ka yi, ko mai ita ya sani kuma ya yarda, sannan dokar sabar da kake shiga, wato kwamfutar da ke ɗauke da hirar, ba ta hana bot ba. In waɗannan sun cika, ka kwantar da hankalinka.

Shawarar abokinka kuwa, rabinta ne daidai. Gaskiya ne bot ɗaya ba ya tsare zaure a EFnet. Amma goma a kan kwamfutocin kyauta da ba ku san masu su ba, ni dai ba zan ba ku goyon baya ba. Yawancin zaurukan da na ga an ƙwace bayan an kafa musu botnet, ta cikin ɗaya daga bot-bot ɗin aka bi aka shiga. Kafin in nuna maka yadda hakan ke faruwa, sai ka fahimci abin da ya sa ake bukatar bot ɗin tun asali.

Jarkko Oikarinen ya rubuta IRC a watan Agustan 1988 a Jami'ar Oulu da ke Finland, kuma a tsarin da ya fito da shi zaure ba shi da mamallaki. Wanda ya fara shiga shi ake ba op, wato ikon kora da hana shiga da sauya dokokin zaure, shi kuma ya ba wanda ya ga dama. Ranar da mutum na ƙarshe ya fita, zauren ya shafe, duk wanda ya riga kowa dawowa shi ne da iko. Ga kuma matsala ta biyu a kan wannan. Cibiyar IRC ba sabar ɗaya ba ce, sabobi ne da yawa a ɗaure da juna, kuma layin da ke tsakaninsu kan tsinke. In ya tsinke sai cibiyar ta rabe biyu, kowane ɓangare yana ganin mutanen ɗaya ɓangaren sun fice. Mai son ƙwace zaure sai ya nemi sabar da ta yanke wadda babu ko mutum ɗaya naku a kanta, ya shiga zauren shi kaɗai, a ba shi op, ya zauna jira. Da layin ya haɗu sai ga shi a tsakiyarku da op a hannu, kafin ku farga ya sauke kowa. Akwai kuma karon suna: ya ɗauki sunanka a can ɓangaren, in an haɗu sabobin su ga suna ɗaya a wuri biyu, su jefar da ku waje ku duka biyun.

Wannan rikicin ne ya haifi Eggdrop. Robey Pointer ya rubuta shi a Disambar 1993 domin tsare wani zaure a EFnet, kuma har yau ana ci gaba da gyara shi. Masu sabobi su ma ba su zauna haka ba. EFnet ta ɗauki tsarin duba lokaci, inda in ɓangarori biyu suka haɗu ake barin op a hannun ɓangaren da zaurensa ya fi daɗewa da buɗewa. Sabobin Turai sun fi son wata hanyar, ta jinkirta sake amfani da suna ko zaure bayan an yanke, kuma saɓanin na cikin abin da ya sa suka ɓalle a 1996 suka kafa IRCnet. DALnet, wadda aka kafa a 1994, ta shahara da NickServ da ChanServ, inda cibiyar da kanta ke riƙe rajistar suna da ta zaure. Cibiyar Undernet na da X, QuakeNet na da Q, masu irin wannan aiki. EFnet ce ta ƙi rajista har yau, shi ya sa mutanenta ke kwana da bot.

To a zamanku na farko ku tambayi kanku: dole ne mu zauna a EFnet? In ba wani dalili mai ƙarfi ba, komawa cibiya mai rajista irin Libera.Chat ko OFTC zai sauke muku kashi mafi girma na wannan wahala. Ka yi wa sunanka rajista, ka saita SASL don a tantance ka tun kana haɗuwa, ka yi wa zauren rajista a ChanServ, ka rubuta wa ke da iko da me. Ko kowa ya fita, ko an yanke, zauren naku ne. A nan bot ɗaya ya ishe ku, aikinsa korar masu ambaliyar saƙo da ajiye tarihin hira. Amma kada in ɓoye maka iyakar wannan kariya. A watan Mayun 2021 ma'aikatan sa-kai na cibiyar freenode suka ajiye aiki saboda rikicin mallakar cibiyar da Andrew Lee, suka kafa Libera.Chat a ranar 19 ga watan. Kafin watan ya ƙare sabbin masu iko da freenode sun karɓe ɗaruruwan zauruka da suka ambaci Libera a takensu. Wikimedia da Ubuntu da Gentoo duk suna cikin waɗanda suka ƙaura. Babu bot ɗin da zai kare ka daga mai sabar, don haka zaɓen cibiya shi kansa shawara ce ta tsaro. Ku kuma tanadi wata hanyar sanar da jama'arku inda za a haɗu in gida ya rikice.

In kun ce a'a, zauren gado ne, a EFnet za ku zauna, na fahimce ku, kuma ba zan ga laifinku ba. Sai mu shiga aikin.

Botnet na Eggdrop uwa ce da 'ya'ya. Bot ɗaya ke tsakiya, sauran su haɗu da shi ta wani layi nasu na kansu wanda bai bi ta IRC ba. A kan wannan layin suke raba fayil ɗin masu amfani, wato kundin da ke ɗauke da sunan kowa, da adireshin da yake shigowa da shi, da kalmar sirrinsa a dagule, da haruffan matsayinsa: n ga mai gida, m ga wakili, o ga mai op, f ga aboki, k ga wanda za a kora da zarar an gan shi. A kan layin ne kuma ake da ɗakin hirar masu iko, inda za ka zauna ka ba kowane bot umarni. In sunan uwar Uwa, 'ya'yan kuma Dogari1 da Dogari2, a wajen uwa sai ka rubuta .botattr Dogari1 +gs, ma'ana ta tura masa kundin. A wajen ɗan kuma .botattr Uwa +ghp, ma'ana wannan ce uwarsa, ya karɓa daga gare ta. Ka ɗauka ƙarfe uku na dare ne, kowa na barci, sabar da Dogari1 ke kai ta faɗi. Ya sake haɗuwa ta wata sabar, ya shigo zaure ba op. Sai ya aika ta layin cikin gida cewa ga ni na dawo. Dogari2 ya duba kundi, ya ga sunan da adireshin sun dace, ya miƙa masa op. In an sa makulli ya ba shi, in an hana shi shiga ya cire hanin, in sai da gayyata ya gayyace shi. Rubutun getops.tcl da ke zuwa tare da Eggdrop wannan ne aikinsa. Duk amfanin botnet ke nan: kada a taɓa samun daƙiƙar da zauren ba shi da amintacce mai op.

Yanzu ka dubi abin da wannan tsari ya ginu a kai. Kowane bot ya yarda da 'yan'uwansa, kuma kundi ɗaya suke karantawa. Kamar shago ne mai ƙofa goma da makulli ɗaya ke buɗe su duka, ka yanka kwafi goma ka raba wa maƙwabta: ba ƙofa mafi ƙarfi ɓarawo zai nema ba, maƙwabcin da ya fi sakaci zai nema. Mai kwamfutar da ya ba ku gurbi kyauta yana da ikon karanta duk fayil ɗin da ke asusunku. Zai iya kwashe kundin, ya ga kalmar sirrin da bot ɗin ke haɗuwa da uwa da ita, ya tsayar da bot ɗinku ya tayar da nasa da suna iri ɗaya. Ko shi mutumin kirki ne, kwamfutar kyauta ta tara mutane barkatai, kuma sau da yawa ba a sabunta ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in ba ka hana ba, sauyin kundi ba daga sama zuwa ƙasa kaɗai yake tafiya ba. Wanda ya kama ɗa guda zai iya ƙara kansa a kundi da babban matsayi, sauyin ya hau zuwa uwa, uwa ta rarraba wa sauran 'ya'yan. Daga nan bot-bot ɗinku ne da kansu za su ba shi op, su kuma kore ku in ya umarce su.

Maganin wannan yana cikin saitunan rabon kundi, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. A wajen uwa ka kunna private-user, don kada ta karɓi kowane sauyi daga 'ya'yanta. Ka kuma duba private-globals, inda ake lissafa manyan haruffan da ba a yarda wani bot ya sauya su daga nesa ba. Duk wani ƙari ko ragi a kundi, a wajen uwa za a yi shi. Ita kuma uwar, kada ta shiga IRC ko kaɗan. Ba ta da aiki a zaure, kuma shigarta na tona adireshinta ga duk mai neman inda zai kai hari. Ka ajiye ta a kwamfutar haya da kai kaɗai ke da makullinta, ka sa katangar tsaro ta ƙi kowa sai adireshin 'ya'yan da na masu iko. Kada ka bar ƙofar 3333 da ke cikin saitin misali, wato lambar da bot ke jiran haɗi a kanta, kowa ya san ta. Sauya lamba ba tsaro ba ne a karan kansa, amma yana rage masu ƙwanƙwasawa.

Layin da ke tsakaninsu kuma sai an rufa masa asiri. Shekaru da dama Eggdrop na aika komai a fili, duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa. Sigar 1.8 da ta fito a 2016 ce ta kawo TLS, tsarin ɓoye hira, a cikinsa, inda alamar + a gaban lambar ƙofa ke nuna a ɓoye hirar. Amma ɓoye hira da wanda ba ka tabbatar da shi ba rabin aiki ne. Kowane bot ya sami takardar shaidarsa, ka rubuta hatiminta a kundi da umarnin .fprint, ka kuma saita ssl-verify-bots yadda za a ƙi baƙo. Ka lura da haɗuwar farko sosai: in babu kalmar sirri tsakanin bot biyu, a wannan haɗuwar suke ƙirƙirar ta, don haka wanda ya riga ɗanka isowa da sunansa shi zai karɓe ta. Ka ƙara bot, ka haɗa shi nan take idonka na kai, kada ka bari sai gobe. Sannan ka hau aƙalla sigar 1.9 ta 2021, wadda ta kawo PBKDF2 wajen dagula kalmomin sirri a maimakon tsohuwar hanyar Blowfish. Bambancin yana bayyana ne ranar da aka sace kundi: tsohuwar hanyar ba ta ɗaukar kwamfutar yau wani dogon lokaci kafin ta warware kalma mai rauni, sabuwar kuwa da gangan aka nauyaya ta. Haɗuwar bot da sabar IRC ita ma ta bi ta TLS, galibi ƙofar 6697, ba 6667 ba.

Akwai wata magana a tambayarka da ta tsaya mini a rai, cewa a daren bot ɗinku ba ya kan layi. Ka je ka binciki yadda masu op ɗinku ke karɓar op. In da saƙon sirri suke yi, irin su rubuta /msg Dogari op sannan kalmar sirri, to ga inda zan fara dubawa. A EFnet suna ba na kowa ba ne. Bot na faɗuwa, kowa na iya ɗaukar sunansa ya zauna shiru. Ɗan'uwanku ya shigo, manhajarsa da ya saita ta aika kalmar sirri da kanta ta aika, ta faɗa hannun baƙo. Baƙon ya saki sunan, ya jira bot na gaskiya ya dawo, ya gabatar da kansa da kalmar da ya tsinta, bot ya karɓi sabon adireshinsa, ya ba shi op da hannunsa. Babu wata gwanintar kutse a ciki, haƙuri ne kawai. Ka kashe umarnin op da ident da addhost na saƙon sirri gaba ɗaya. Mai son op ya shiga ɗakin masu iko ta TLS ya karɓa a can. Za su yi ƙorafin cewa ya fi wahala, ka bar su su yi, sati ɗaya za su saba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne op na kai tsaye, harafin a, wanda bot ke ba mutum op don kawai adireshinsa ya dace. A wajenmu wannan ya fi haɗari, domin kamfanonin waya kan fitar da mutane da yawa ta adireshi ɗaya, kuma adireshin na sauyawa kullum. Sai ka ga mutum ya gaji, ya faɗaɗa alamar adireshinsa har ta rufe duk masu layin kamfanin. Ka cire harafin daga kowa, har kai. Ka kunna +bitch a zauren, wanda ke sa bot ya sauke duk wanda aka ba op alhali ba ya cikin kundi, ka kuma saita stopnethack-mode don sauke wanda ya shigo da op daga sabar da ta yanke. Mai gida kada ya wuce biyu. Umarnin .tcl da .set, waɗanda ke buɗe cikin bot gaba ɗaya har zuwa kwamfutar da yake kai, a kashe suke zuwa, ka bar su yadda ka same su.

Sai rubuce-rubucen Tcl, yaren da ake ƙara wa Eggdrop ayyuka da shi, inda na fi ganin masu ilimi ma sun faɗa. Kowa na son bot ɗinsa ya yi gaisuwa, ya faɗi lokacin sallah, ya karanta taken shafin da aka liƙa. Kowane ɗayan waɗannan rubutu ne da ke aiki da cikakken ikon bot ɗin. A yaren Tcl, duk abin da aka sa tsakanin baka biyu masu kusurwa umarni ne da za a zartar, IRC kuma ta yarda mutum ya sa irin waɗannan baka a sunansa. Ka ɗauka wani ya rubuta cewa in baƙo ya shigo a jira daƙiƙa biyar a gaishe shi, ya haɗa umarnin jiran da sunan baƙon a cikin alamar zance kawai. Wani ya shigo da sunan die, wato umarnin kashe bot, a tsakanin bakan nan. Bayan daƙiƙa biyar Tcl ta sake karanta layin, ta ga umarni, ta zartar, bot ya mutu. Wannan mai sauƙin ke nan. In rubutun na karɓar dogon saƙo daga zaure, abin da za a cusa masa ya wuce kashe shi. Gyaran ɗan ƙarami ne, a gina umarnin da list don sunan ya tsaya a matsayin suna, amma sai wanda ya sani. Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasa: bot-bot masu tsaro kada su ɗauki kowane rubutu sai na neman op. Bot na wasa da gaisuwa a yi shi daban, ba op, ba kundi, ba haɗi da uwa. Tunda ku masu rubuta manhaja ne, sigar 1.10 ta 2024 ta kawo Python, ku yi wasanku a can.

In kana son ganin yadda masu tsananin taka-tsantsan suka yi, ka dubi Wraith, wani reshe da ya tsiro daga Eggdrop wanda Bryan Drewery ya raya domin irin EFnet. Uwarsa ba ta shiga IRC, saitinsa a cikin manhajar ake cusa shi, ba a barin fayil a fili. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk lokacin da ɗaya ya ba wani op sai ya haɗa da wata 'yar shaida ta lissafi a layi ɗaya. Sauran su duba, in shaidar ba ta fito daidai ba su sauke wanda aka ba da wanda ya bayar. An gina shi ne a kan zaton cewa wata rana za a sace haɗin ɗaya daga cikinsu. Ko ba ka yi amfani da shi ba, wannan zaton ka ɗauka wajen tsara naka.

Adadi fa? Uwa ɗaya da 'ya'ya uku sun ishi zaure irin naku. Abin lura shi ne kada su faɗi tare: kamfanonin haya daban-daban, sabobin IRC daban-daban, in da hali wani a Turai wani a Amurka, don in layin tsakani ya tsinke kuna da mutum a kowane ɓangare. Bot goma a kan sabar ɗaya lokaci ɗaya za su ɓace, banda cewa masu sabar kan hana adireshin da ya tara haɗi da yawa. Ka karanta saƙon maraba na kowace sabar, a nan suke faɗin matsayinsu kan bot. Kada ka ɗora mai tsaro a kwamfutar gida ko ta ofis, ka san halin wutarmu da datarmu. Kuɗin hayar ƙaramar kwamfuta a wata, in kun yi karo-karo, ba zai gagare ku ba. Kowane bot ya zauna a asusunsa shi kaɗai, shiga da makullin SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ba da kalmar sirri ba, agogon kwamfutar kuma a daidaita shi, don ranar bincike za ka so tarihin bot uku ya yi magana da lokaci ɗaya.

Zauren da ke hannun mutane yanzu, akwai hanya. EFnet na da CHANFIX, wanda ke zagayawa lokaci-lokaci yana rubuta wa ke riƙe da op a kowane zaure, ya tara masa maki na kimanin mako biyu da suka wuce. In zaure ya rasa op gaba ɗaya yakan mayar wa masu maki mafi yawa da kansa, in kuwa ƙwace aka yi sai an nemi ma'aikacin cibiyar ya sa shi aiki. Matsalarku ita ce wata guda ya shige, makinku na iya ƙarewa, na waɗancan yana hawa. Ku nemi ma'aikatan yau, da ladabi, da tarihin hira a hannu, amma ku shirya jin cewa lokaci ya ƙure. Wannan ma wani dalili ne na bot mai adireshi tsayayye, domin da adireshi ake tara makin. Abin da nake gargaɗinku a kai shi ne ramuwa. Za a sami mai cewa bari a yi musu ambaliyar data har su faɗi. Wannan shi ne ainihin aikin da ka ji tsoro a farkon tambayarka, yana cutar da sabobin da mutane ke riƙewa da kuɗin aljihunsu, kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta hau kansa. In bai dawo ba, ku buɗe sabo ku kira jama'arku.

Na Telegram ba sai na tsawaita ba. A can rukuni na da mamallaki, babu yankewar sabar, don haka ba ka bukatar tarin bot. Haɗarin ya koma wuri biyu. Na farko lambar sirrin bot da BotFather, bot ɗin Telegram mai ƙirƙirar sabbin bot, ke bayarwa: wanda ya same ta ya zama bot ɗin, kuma masu rubuta manhaja kan manta su tura ta GitHub tare da sauran aiki. In hakan ta faru ka soke ta nan take ka karɓi sabuwa, goge fayil ɗin bai wadatar ba, tana nan a tarihi. Ka ba bot ikon goge saƙo da hana shiga kawai, ban da naɗa sabbin masu iko. Na biyu asusun mamallakin kansa. Ka san yadda ake kiran mutane a waya a ce a karanto lambar da aka turo don shiga wani taro, a wayi gari an ƙwace WhatsApp ɗinsu ana roƙon kuɗi da sunansu. Duk mai iko a rukuninku ya kunna tantancewa mai mataki biyu, a Telegram da WhatsApp duka. In kuma kun shiga haɗakar hana shiga, irin wadda bot ɗin Rose ke yi tsakanin rukunoni ko jerin da bot ɗin Mjolnir ke bi a tsarin hira na Matrix, ku sani hukuncin wani kuka ɗauka ya zama naku. Ku san wa ke da hannu a jerin kafin ku bi shi.

Kafin ka haɗa komai, tsohon Eggdrop ɗin nan kada ka yarda da kundinsa. Ka ajiye kwafinsa da na tarihinsa don bincike, ka duba ko akwai suna ko adireshin da ba ka gane ba, sannan ka fara sabon kundi daga babu. Kowa ya zaɓi sabuwar kalmar sirri da bai taɓa amfani da ita a wani wuri ba. Waɗanda suka bar ku shekaru uku da suka wuce amma sunansu na nan da harafin m, a cire su, ba raini ba ne, in sun dawo a mayar. In ka gama haɗawa, ka gwada da rana kowa na nan: ka kashe Dogari1 da hannunka ka ga ko ya dawo an ba shi op, ka shiga ta wajen ɗa ka yi ƙoƙarin ƙara wani a kundi ka ga ko uwa ta ƙi, ka kashe uwar ka ga ko 'ya'yan sun ci gaba da riƙe zauren da kundin da ke hannunsu. Abokin naka kuma ka yi masa godiya, ka tambaye shi ko a cikin kwamfutoci goman akwai wadda shi da kansa ke kula da ita. In akwai, a ɗora bot ɗin gaisuwa a kanta.